Masu Wankin Jelar Kili

Wanda bai taɓa ɗaure kili a cikin birnin Kano ba, bai san jarabar fari ba. Wankin jikin doki ba wuya, a watsa ruwa a goge, ya fito fes. Jela ce ke hana ɗan barga barci. Kili ya kwanta a turke inda fitsari ya jiƙa ƙasa, ya tashi ya yi kashi, ya kaɗa jela yana korar ƙuda, jar ƙurar lungu ta bi ta manne. Kafin azumi ya raba, farin gashin nan ya koma ruwan ɗorawa. Da an shiga goman ƙarshe kuwa, daga Yakasai har Mandawari, halin kowa sai ya fito a bakin barga.

Akwai mai gaggawa. Shi sai ranar jajibere yake tunawa dokinsa yana da baya. Ya aiki yaro kanti a sayo Hypo, ya tsiyaya a bokiti, ya tsoma jelar ciki kamar zai wanke tsohuwar shadda. A daren ta yi haske, ya kwana yana murna. Abin da bai sani ba shi ne ruwan nan cin gashi yake yi, ya busar da shi, ya bar shi yana karyewa, kuma gashin da ya ci wuya ya fi saurin shan datti. Kafin Babbar Sallah jelar ta rage rabi, sai ka ji yana cewa baki aka yi wa dokin.

Maƙwabcinsa mai bula ya fi shi ilimi, hannunsa ne ba shi da ma'auni. Gaskiya ne ɗan shuɗi kaɗan yana kashe ɗorawa a ido, abin da masu wanki da guga suka daɗe da sani. To shi kaɗan ɗin ne bai iya ba. Ranar Hawan Daushe, ana fitowa za a nufi Babban Ɗaki a Gwangwazo, ga kili fari tas, ga jela shuɗiya tana rangaji. Yara na bin sa suna tambaya ko dokin ya ja da baya ne ya faɗa karofin Ƙofar Mata.

Sai ɗan zamani. Tun da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, shi ba ya tunanin komai sai kyamara. Ya ga wata Baturiya a TikTok tana wanke farin doki da shamfu mai ruwan makuba, ya yi oda daga Ingila, kuɗin kwalba ɗaya ya isa a cika rumbun harawa. Ba wanda ya gaya masa dabarar da ke cikin kwalbar ita ce dai ta bula.

Mai lalle ya huta da kowa. Da ya ga ɗorawa ta ƙi fita, sai ya kwaɓa lalle ya rina jelar ta yi ja, ya ce ado ne na iyaye da kakanni.

Mai ba da shawara ko jaki ba shi da shi, amma kullum yana kan dakalin da ke kallon barga. Lemon tsami, toka, ruwan tsamiya, nono mai tsami, har man goge baki, duk ya rubuta maka. Idan aka dace, ai shi ya faɗa. Idan aka ɓata, ba a yi yadda ya ce ba.

Tsohon ɗan barga kuwa ba ya cikin wannan hayaniya, don shi tun watan Sha'aban ya fara. Kullum da asuba ya kwashe kashi, ya kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar turke, ya zuba sabon yashi. Duk 'yan kwanaki ya ɗumama ruwa, ya wanke jela da sabulun salo, yana warware gashin da yatsa daga ƙasa zuwa sama don kada ya tsinke. Ya ɗauraye har sai ruwa ya fito garau, don ya san sabulun da aka bari a gashi shi ke kama ƙura. In ta bushe ya kitse ta sako-sako, ya naɗe da tsumma ƙasa da ƙashin wutsiya, kada jini ya tsaya. Idan ka tambaye shi sirrin, sai ya miƙa maka tsintsiya. Ni dai a wurina shi kaɗai ne mai magani, sai dai ba mai son maganinsa, don da sassafe ake sha.

Alhaji mai doki shi ne ba ya ganin jela sam. Yana sama da rawani da alkyabba, idonsa na kan Ƙofar Kudu da jahi. Sai bayan Hawan Nassarawa, wani ya turo masa hoton da aka ɗauka ta baya, sannan ya kira tsohon ɗan bargar maƙwabta.

"Baba, me za a sa wa jelar nan?"

"Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a share turken?"

Alhaji ya yi shiru, ya juya ya fara yi wa yaransa faɗa. Mai akawal na gefe yana ba baƙin dokinsa dusa da kanwa, yana dariya har da riƙe ciki, ya manta shi ma jibi zai kwana yana goge farar ƙurar hawa daga jikin nasa.