Gudumar Thor ta Siminti

Autana ne ya ja mini. Tun ranar da ya kalli fim ɗin Avengers na 2015, wurin da jarumai suka yi ta gwada ɗaga gudumar Thor suna kasawa, ya hana gidan sakat. Na tambayi kuɗin ta roba a kantin kayan wasa. Da na ji farashi, sai na ce wa yaro ya kwantar da hankalinsa, ubansa ba ƙaramin mai fasaha ba ne.

Da kwalin taliya na fara. Na naɗe shi da takarda mai ƙyalli, na soka masa sanda. Ta yi kyau, wallahi. Auta ya ɗauke ta da yatsa biyu ya ce, "Baba, wannan ai ko kaza za ta ɗauka." Ban iya musa masa ba, domin duk martabar gudumar nan a fim ita ce babu mai ɗaga ta sai wanda ya cancanta. Shi kansa Captain America ɗan motsa ta kawai ya yi a wancan fim ɗin, sai a na 2019 ya samu ya ɗaga.

Zuciya ta ɗebe ni. Na yanke jarka mai cin lita 10, na kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, na cika ta, na kafa ƙotar fartanya a tsakiya. Kowace lita ta kankare tana kai wa kilo 2.4, ka ga ke nan kusan rabin buhun siminti na ɗora a kan ƙota. Shi kuwa Chris Hemsworth, mai fitowa a matsayin Thor, ta roba ake miƙa masa a wuraren faɗa; nauyin duk a yamutsa fuska yake, da ƙarar da ake sakawa daga baya. Ni ba na ha'inci a sana'a.

Safe da yamma ina ba ta ruwa har ta bushe, uwargida tana kallona ba ta ce uffan ba. Na fesa mata fenti ruwan azurfa, na yanka tsohon bel ɗina na yi mata maratayi.

Ranar baje koli yaran layinmu suka cika tsakar gida. Na yafa jan mayafin uwargida, na yi bisimilla, na ciccibi guduma da hannu biyu har ƙirji. Aka yi tafi. Da a nan aka tsaya, da har yau ana labarina da mutunci. Sai Auta ya ɗaga murya: "Baba, wulwula ta!"

Ban kai rabin zagaye ba bel ya tsinke. Guduma ta nufi randa, randa ta tarwatse, ruwa ya malale, santsi ya kwashe ni, yara suka watse da ihu. A fim gudumar Thor hannun mai ita take komawa. Tawa ma ta dawo, sai dai babban yatsan ƙafata ta nufa.

Mai ɗori yana matsa wurin yana tambaya, "Babur ne, Malam?"

"Guduma ce."

"Ashe kafinta ne kai?"

Kafin in buɗe baki Auta ya ce, "A'a, Baba Thor ne." Tsohon ya dube ni, ya dubi mayafin da har lokacin yake wuyana, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Muna shiga gida da ɗingishi muka tarar uwargida, wadda kullum take sauke jarkar ruwa mai lita 25 daga kurar mai ruwa, ta ɗauki gudumar cak, ta kai ta gindin bango ta ɗaure akuya a jiki. Auta ya riƙe baki.

"Umma! Ke ce kika cancanta! Yanzu ƙarfin Thor naki ne!"

Ta kaɗe hannu ta ce, "Na karɓa. Je ka ce wa tsohon Thor gobe kasuwa, ina son randata kafin azahar."