Yadda Za Ka Tashi Daga FL Studio Zuwa Ableton Ba Tare Da Ka Fasa Kwamfuta Ba

Duk mai kiɗan da ya shekara goma a kan manhaja ɗaya, akwai ranar da zuciyarsa za ta fara raɗa masa cewa ai laifin manhajar ne waƙoƙinsa suka koma kala guda. Yawanci ranar takan zo bayan ya kalli wani yaro a YouTube yana latsa ƙananan akwatuna masu launi a Ableton Live, kiɗa na tashi, yaron na kaɗa kai. Idan taka ranar ta zo, ɗan'uwa, ba zan hana ka ba, don sauyin yana da amfani ƙwarai. Sai dai ka saurare ni tukuna, domin ina son ka isa can da waƙoƙinka, da kwastomominka, da kuma hankalinka.

Ka fara da sanin cewa aure za ka ƙara. FL Studio uwargida ce. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fito da ita tun ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003, kuma duk wanda ya saye ta sau ɗaya ana ba shi sababbin fitowarta kyauta har ƙarshen rayuwarsa. Ta san halinka, ka san nata. Ableton Live kuwa amarya ce 'yar Berlin, haihuwar 2001, da tarbiyyar wani gida daban. Mai hankali ba ya korar uwargida ranar da aka kawo amarya. Raba musu kwana za ka yi: aikin da aka biya ka kuɗinsa, wanda mawaƙi ke jira a kai gidan biki ranar Asabar, a yi shi a tsohuwar manhaja. Dare kuwa, bayan kowa ya watse daga situdiyo, na sabuwa ne. Wanda ya goge FL tun ranar farko don ya nuna da gaske yake, shi ne za a gani da ƙarfe biyu na dare yana neman inda zai sake sauke ta, daraktan fim na ta kiran wayarsa.

Yanzu ga inda rigimar take: hannunka. Kanka ya yarda da sauyi, amma yatsunka ba a yi shawara da su ba, kuma ba su da niyyar ba da haɗin kai. Shekara da shekaru, in kana son ganin miksa a FL, F9 kake dannawa ba tare da ka duba ba. To, a Ableton wannan maɓallin shi ne na fara ɗaukar sauti. Za ka danna don ka rage ƙarar ganga, sai ka ga jan alama ta kunna, manhaja ta hau naɗar tarin mawaƙi da hirar 'yan amshi. Haka ma goge nota. A FL, danna gefen dama na linzamin kwamfuta ya isa ya kawar da notar da ba ka so. A Ableton, kana dannawa sai jerin zaɓi ya buɗe maka, notar kuma tana nan zaune tana kallonka. Idan ka saba kaɗa fiyano da allon rubutun kwamfuta, a FL layin Z da layin Q ne ke ba da sauti, a Ableton kuwa layin A ne, Z da X aikinsu sauko da murya ƙasa ko ɗaga ta sama. Saboda haka a makon farko za ka yi ta kiɗan da ba ka nufa ba, kuma babu laifi ka ajiye wani daga ciki, domin wani lokaci kuskuren yatsa yakan fi abin da aka shirya daɗi.

Maganin wannan ba ya wuce takarda da biro. Rubuta maɓallai goma da ka fi bukata, ka manna a gefen allo. Na farko a ciki ya zama Tab, wanda ke juya ka tsakanin fuskoki biyu na Ableton: wadda ake jera guntayen kiɗa ana gwada su a kowane tsari, da wadda ake shimfiɗa waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Baƙon da ya shigo situdiyo zai ga takardar ya yi murmushi. Bar shi ya yi. Sabo turken wawa ne, kuma da sabon sabo kaɗai ake tumɓuke tsoho.

Akwai wani abin da ke sa sabon shiga ya yi zaton an yi wa kwamfutarsa asiri. Notar tsakiyar fiyano, wadda tsarin MIDI ya ba lamba 60, FL tana kiranta C5, Ableton da wata manhajar kiɗa mai suna Cubase kuma suna kiranta C3. Nota ɗaya ce, murya ɗaya, suna ne ya bambanta. Amma idan ka haddace cewa bas ɗinka a C3 yake zama, ka je ka rubuta shi a C3 na Ableton, zai fito da siririyar murya ta ɗan yaye. Kafin ka kira mai gyara, rage biyu daga lambar da ka saba.

Sai batun da na fi so ka ba muhimmanci, wato tsofaffin waƙoƙinka. Fayil ɗin FL ba ya buɗewa a Ableton, na Ableton ma ba ya buɗewa a FL. Kowa da harshensa. Kuma kayan sautin da Image-Line ta gina a cikin gidanta, da saitin da ka ɓata dare kana yi musu, ba za su biyo ka haka kawai ba. Don haka kafin ka yi nisa, zauna ka buɗe kowace waƙa mai daraja ka fitar da ita layi-layi a matsayin WAV: ganga daban, bas daban, fiyano daban, muryar mawaƙi daban, amshi daban, duk su fara daga daƙiƙa ɗaya. FL tana da zaɓin da ke raba layukan miksa a lokacin fitarwa, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Fitar da MIDI ma, ka rubuta saurin kiɗan da makullin waƙar a jikin sunan jakar. Kwafi biyu za ka yi, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ba ya kwana a jikin kwamfutar. Dalili shi ne mawaƙi ba ya mantuwa. Wanda ka yi wa waƙar siyasa shekara huɗu da suka wuce zai dawo ana gobe taro, ya ce a cire sunan wancan ɗan takarar a sa na wannan, sauran komai a bar shi yadda yake. Ranar ce za ka gode wa Allah da ka yi wannan aikin mai gundura.

In ka jawo waɗannan layukan cikin Ableton, kula da wani mai taimako da ake kira Warp. Aikinsa ya miƙa sauti ko ya tsuke shi don ya dace da saurin waƙa, kuma yana cikin abubuwan da suka ɗaukaka manhajar. Amma yana da karambani. Yakan yi wa dogon fayil hasashen sauri da kansa, sai ka ji muryar mawaƙiya tana jan ƙafa a bayan ganga. Saita saurin waƙar daidai da na asali, ka kashe Warp a kan waɗannan layukan, zaman lafiya ya dawo.

Filogin ɗin da ka saya daga wasu kamfanoni, irin su Auto-Tune da waƙar nanaye ba ta rabuwa da shi, yawancinsu za su bi ka, albarkacin tsarin VST da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro a 1996. Sai dai tun daga Live 10 na 2018, Ableton ta daina karɓar tsofaffin filogin masu bit 32. Wannan tsohon kayan sarewar da wani ya tura maka a filas tun zamanin jahiliyya, mai yiwuwa nan za ku yi sallama. Kaɗa notocinsa ka naɗe su tun yanzu.

Za ka kuma shiga wani mataki da kowa ke shiga: rantsuwa cewa sautin sabuwar manhaja ba shi da nauyi. Kafin ka rantse, duba babban layin fita na tsohon aikinka. Da yawa sun shekara suna aiki da samfurin FL mai ɗauke da Fruity Limiter a can, yana matse sauti yana ƙara masa kauri ba su sani ba. Kunne kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake ce wa ya fi daɗi. Daidaita ƙarar biyun ka sake saurare da idonka a rufe. Kaurin da kake nema yana cikin yadda kake zaɓen ganga da yadda kake zaunar da murya a kan kiɗa, kuma wannan tare kuka taho da shi.

Game da kuɗi, magana ɗaya ce: kada ka ɗora abincinka a kan manhajar sata. Ita ce ke mutuwa daidai lokacin da mawaƙi ya yi baitin da ba zai iya maimaitawa ba, ita ce kuma ke shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfutar da ke riƙe da aikin shekaru. Ableton tana da ta gwaji kyauta, tana kuma da ƙaramar fitowa mai suna Intro da ke ba da layi 16. In aljihu ya ƙi, wata manhaja mai suna Reaper na ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne. Sannan ka saba da danna maɓallin ajiya bayan kowane baiti, domin mai ɗauke wuta bai damu da wace manhaja kake amfani da ita ba.

Abokan sana'a za su rabu gida biyu a kanka. 'Yan FL za su ce ka ci amana, 'yan Cubase su ce da ka tambaye su da ba ka ɓata hanya ba. Ba kowa amsarsa da fara'a, kada kuma ka zama mai wa'azin sabuwar manhaja tun ba ka gama waƙa ko ɗaya da ita ba.

Wannan waƙar ita ce jarrabawar. Ɗauki wadda ka taɓa yi ka san ta ciki da waje, ka sake gina ta daga tushe a Ableton, har zuwa fitar da ita ka saurara a waya da cikin mota. Aikin da kake gamawa kafin la'asar zai iya kai ka isha'i, kuma hakan daidai ne. Yi ta biyu, wannan karon sabuwa fil. Sai ranar da ka lura hannunka ya je Tab da kansa, bai biya ta F9 ba, sannan ka ce wa mawaƙi na gaba ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya sa abin kunne.