Ilimin Saukar Baƙin Hutu a Tsibirin Damina

Tsibiri, a wajen masana labarin ƙasa, shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta kowace fuska, kuma bisa wannan ma'ana ƙauyuka da dama na ƙasar Kunci, a arewacin Jihar Kano, sukan sami wannan muƙami duk watan Agusta, lokacin da marka ke cika kwazazzabai ta yanke hanya ga kowa, in ban da jaki da ɗan acaɓa mai ƙarar kwana. Daidai lokacin ne makarantu ke dogon hutu, dangi na birni su kwaso 'ya'ya su taho abin da suke kira shan iska.

A ƙasashen Turawa wannan hali sana'a ce, domin tun da aka kafa Airbnb a Amurka a 2008, wato dandalin bayar da hayar gida ga matafiya ta intanet, masu hali ke zuba daloli don su kwana inda babu lantarki, babu mai kiran su a waya. A Kunci kuwa kyauta ake bayar da wannan ni'ima, a haɗa da ban haƙuri.

Jarin mai masauki shi ne ƙarfin hali, wanda ma'anarsa a nan ita ce amsa kowace tambaya da "ai akwai". Idan baƙo ya nemi ruwan sanyi, sai a nuna masa randa; idan ya nemi caji, sai a kai shi ga farantin sola guda ɗaya da ke kan jinka, inda wayoyi goma sha biyu ke bin layi bisa girman shekarun masu su. Sabis kuma, wato igiyar da ba a gani wadda ran ɗan birni ke rataye a jikinta, yana nan a kan wani suri bayan gari, inda da la'asar akan ga Alhaji da babbar riga ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, yana faɗin "Kana ji na?" ga gonar gero. A 2024 an sauya sunan ƙaramar hukumar Kunci zuwa Ghari, saboda tsohon sunan ya yi kama da ƙunci a kunne, sai dai alamu sun nuna takardar ba ta iso ga sauro ba.

An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar hutu takan kwana ashirin ba ta bushe ba, kuma a tsakanin nan zabi sukan ragu ɗaya bayan ɗaya, alhali rumbu ya kusa nuna gindinsa. Lissafin haya kuwa a juye yake, domin wanda ya zo da burodi biyu da sandar sabulu yakan koma da gero, da kuka, da daddawa, da kwalbar man shanu, maigida na biye da mota yana cewa, "Yaya, a yi haƙuri, ba a shirya ba."

Baƙon yakan isa birni da dare yana yi wa iyalinsa bayanin wahalar zaman ƙauye, ya lalubi makunni ya danna, ya tarar a nan ma duhu ne, illa dai wannan duhun ana kawo takardar kuɗinsa a ƙarshen wata.