Daga A ake farawa

A Najeriya lasin babur shi ne aji A, na mota kuma B. Ni kuwa ɗan boko ne, ba na tsallake harafi. Na je na bi layi, aka ɗauki hotona, na dawo gida da kati mai ƙyalli.

Kawu ya jujjuya shi ya ce, "Ɗana, ashe babur ma lasin gare shi?"

Shekara talatin ke nan yana hawan nasa, buhun masara a baya, akuya a kan tanki, kuma abin da aka taɓa tambayarsa a hanya bai wuce na goro ba.

Babur ɗin dai ban saya ba tukuna. Katin, a banki nake nuna shi.