Yadda Za Ka Sallami Tarkace Ba Tare Da Ka Zama Marowaci Ba

Ɗan'uwa, kafin ka ci gaba da karatu, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin gadonka. Me ka gani? Takalmi ƙafa ɗaya wanda abokinsa ya ɓace tun bikin ƙanwarka, rediyon da ya daina magana, cajar waya huɗu babu mai kawo wuta, da jaka cike da kayan da ka ce "wata rana za su yi amfani". Shekara goma ke nan wannan "wata ranar" tana bisa hanya, kai kuma kana ta biya wa kayan kuɗin haya.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa. Mudu ya tashi, kuɗin mota ya tashi, albashi yana yin sallama kafin wata ya raba. A wasu ƙasashe rage kaya ya zama abin yayi, har wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya da koya wa mutane rabuwa da tarkace. Mu kuwa kakanninmu sun daɗe da raɗa wa abin suna: tsimi da tanadi, da wadatar zuci. Ga matakai bakwai na komawa gare su.

Mataki na ɗaya: yi wa ɗakinka ƙidaya

Zaɓi ranar Asabar, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka fito da komai. Ka kasa su kashi uku: na amfani, na kyauta, da na 'yan gwangwan. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk rigar da Sallah biyu suka wuce ba ka sa ta ba, ta riga ta zama rabon wani, jira kawai take ka kai ta. Wandon da kake jiran tumbinka ya koma kafin ka sa shi, ba wa ƙaninka; shi wandon zai fi ka murna. Tsohuwar fanka da baƙin ƙarfen da ke tara sauro a bayan ɗaki, kira 'yan jari-bola su ɗora a sikeli su ba ka kuɗi. In zuciyarka ta fara raɗa maka "ai da kuɗi na saya", ka amsa mata cewa kuɗin sun tafi tun ranar ciniki, ƙura ce kawai ta rage.

Mataki na biyu: uwargida, ki 'yanta kwanuka

A da, jeren langa da kwalla da tasa da iyayenmu mata suke yi a ɗaki taskar ajiya ce. Ranar da ta ɓaci, sai a kira dillaliya a fitar da biyu, a rufa wa kai asiri. Yau kuwa akwai farantan tangaran da suka shekara takwas a kabad, ba su taɓa ganin miya ba, tsumman goge ƙura kaɗai suka sani. Ana jiran "babban baƙo". Yaya, babban baƙon ai mai gidanki ne da 'ya'yanki. Ki fito da farantan a ci tuwo a ciki yau da dare. Kulolin da suka kai goma sha biyu a gidan mutum biyar, ki riƙe huɗu, sauran ki tallafa wa marainiyar da za a kai ɗaki. Ɗakinki zai sha iska, shara za ta yi sauƙi, kyankyasai kuma su nemi wata unguwar.

Mataki na uku: koyi ce wa anko "Allah ya sanya alheri"

Anko yana shigowa da murmushi, ya fita da kuɗin cefane. Bikin ƙawa, bikin ƙawar ƙawa, sunan jikar maƙwabciyar goggo, kowanne da atamfarsa daga Kantin Kwari, ga kuɗin tela, ga mayafi da takalmin da za su shiga da ita. A sa ta yini ɗaya, a naɗe, ta shiga akwati ta iske 'yan'uwanta. Ki ware wa kanki biki biyu a shekara na waɗanda suke jininki ko aminanki na haƙiƙa. Sauran ki je da wankakken kayanki da guga mai kyau, ki miƙa gudummawa daidai ƙarfinki. Amarya ta fi tuna wanda ya taya ta aiki a kan wanda ya yi mata ado.

Maigida, kada ka yi dariya, kai ma da naka. Ɗinka shadda uku kowace Sallah don a gani a majalisa, da cin bashi don ragonka ya fi na maƙwabci ƙaho, duk anko ne na maza. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mataki na huɗu: mayar wa ɗumame martabarsa

Wanda ya ƙirƙiro ɗumame ya cancanci sarauta. Tuwon jiya da miyar kuka, a ɗora a wuta da sassafe, a ɗiga man shanu: ga karin kumallon da zai riƙe ka har azahar, ba burodi, ba madarar gwangwani. Ƙanzo ma ba abin zubarwa ba ne. A shanya shi, a jiƙa, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Gidan da ake zubar da shinkafa a kwata kullum dare, kuɗi ake zubarwa.

Sannan ka bi kalandar manomi. Hatsi ya fi sauƙi da kaka, lokacin da sabon gero da masara da dawa suke cika kasuwanni irin su Dawanau. In kana da hali, ka sayi buhu a lokacin maimakon awon mudu-mudu a tsakiyar damina. Tumatir da tattasai kuma suna arha da sanyi, sa'ad da amfanin noman rani na su Kura da Kadawa yake fitowa. A yanka, a shanya, a adana, tare da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa. Rumbu ya ɓace daga gidajen birni, amma hikimarsa tana nan.

Mataki na biyar: ba wa kwaɗayi kwana uku

A da sai ka yi wanka ka je kasuwa. Yanzu kasuwa ce take biyo ka har kan katifa ta WhatsApp da Facebook: "Saura guda biyu kacal, Hajiya!" Ka sani, waɗannan guda biyun ba sa ƙarewa. Duk abin da ya burge ka, ka ce "bari in yi shawara", ka ba shi kwana uku. In ka wayi gari rana ta huɗu ka manta launinsa, to, kwaɗayi ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. In kuwa buƙata ce ta gaske, ka sayi mai ƙarko ko da ya ɗan fi tsada. Takalmi ɗaya mai kyau da za ka riƙa kai wa mai gyara ya fi biyar da za su buɗe baki a ruwan farko. Wayarka kuma muddin tana kira tana amsawa, ba ta yi laifin da za a yi mata kishiya ba.

Mataki na shida: farfaɗo da asusu

Kuɗin da ka tsira da su, in ka bar su a aljihu, mai tsire zai ji ƙamshinsu. Samo asusun ƙasa ko na katako, ko ka buɗe ajiyar da ba ta da kati. Yi lissafi: naira 500 kullum, cikin kwana 365, naira 182,500 ke nan. In adashi za ka shiga, ka shiga da mutanen da ka san gidajensu da halinsu. Idan ka ɗauki kwasarka, kada ka bar ta kwance tsadar kaya tana cinye ta. Mayar da ita buhun hatsi, ko tunkiya, ko keken ɗinki, ko kuɗin makarantar yara.

Mataki na bakwai: kada ka tsallaka zuwa rowa

Tsakanin tsimi da rowa taku ɗaya ne. Ga alamomin ka tsallaka: kana ƙirga yankan nama a tukunya, kana kashe fitila yara suna karatu, kana jin sallamar baƙo sai ka tura kwano ƙarƙashin kujera, ko kana rage kuɗin cefane kana kiran hakan tattali. Mai tsimi kansa yake rage wa ƙawa; marowaci haƙƙin iyalinsa yake rage wa. Addini ya hana almubazzaranci, ya kuma hana ƙanƙame hannu. Ciyar da iyali, maganin mara lafiya, zakka, da kwanon maƙwabci ba sa cikin abin da ake yi wa tsimi.

Dubi Malam Aminu Kano. Ya yi minista, ya jagoranci jam'iyya, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, amma har ya rasu a 1983 yana zaune a gidansa mai sauƙi na Gwammaja, ƙofarsa a buɗe ga talakawa. Bai bar tarin dukiya ba, ga shi har yau ana ambaton sunansa da girmamawa.

Saboda haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, Asabar mai zuwa a shimfiɗa tabarma. A fara da ƙarƙashin gado, a fitar da abu goma, a kai wa mai buƙata abin da zai amfane shi. Ka rage kaya don ɗakinka ya yi fili, ka rage ƙarya don barcinka ya yi daɗi, ka yi tanadi don hannunka ya iya miƙuwa ranar da ɗan'uwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a ɗan abin da muke da shi.