Bargon Ƙyallaye: Yadda Ake Yin Sa, da Yadda Aka Yi Shi a Tebaram

Bargon ƙyallaye mayafi ne mai hawa uku: fuskar sama da ake harhaɗawa da guntayen atamfa, zane guda a ƙasa, sai ciko a tsakani, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada cikon ya yi yawo. Lokacin amfaninsa hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska mai ƙura ke kaɗawa a kan duwatsun Adar, asuba ta yi mutum ya ga butar alwala kamar abokiyar gaba. Sana'ar ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. Matan Sind ta Pakistan suna da nasu mai suna ralli, 'yan Baye Fall na Senegal, mabiya Shehu Ibra Fall, da rigar ƙyallaye aka san su. A ƙasar Hausa kuwa kakan wannan aiki shi ne lifidi, rigar yaƙin nan mai ciko da ake ɗaura wa doki da mahayinsa don kibiya ta rasa wurin shiga. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410.

A bayanin da ke tafe za a riƙa kawo misali da mai wannan rubutu, malamar makarantar boko da aiki ya kai Tebaram, yamma da Tawa, kuma take alfahari da iya lissafi. An zaɓe ta ne saboda babu kuskuren da masana suka yi gargaɗi a kansa wanda ba ta aikata ba.

Matakin farko shi ne tara ƙyallaye. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane uku, kuma duk kayan da aka yanka daga cikinsa sai ya bar saura. Wurin neman sauran shi ne ƙarƙashin teburin tela, lokacinsa kuma bayan salla, sa'ad da telolin suka kwana uku ba barci, shago ya cika da tarkace har ƙofa. Malama ta sami buhu guda kyauta a hannun wani tela na gari bayan sallar layya. Da zai miƙa mata, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya rage murya ya ce, "Malama, don Allah kada ki ce wurina kika samo." Ta ɗauka kunya ce irin ta mai kyauta. Za a dawo kan wannan magana.

Ƙa'ida ce a wanke kowane ƙyalle a shanya kafin almakashi ya taɓa shi, domin sabuwar auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, rinin shadda kuma yana zuba. Ruwa a Tebaram ba abin wasa ba ne, jaki ne ke ɗauko shi daga rijiya, don haka Malama ta tsallake wannan mataki da sunan tattali.

Sai yanka. Bargon babba yana son tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da rabi. In an yi shi da murabba'ai masu santimita 10, ana bukatar 20 a tsaye, 15 a kwance, jimilla 300. Malama ta yi wannan lissafi a allon aji, ta ja masa layi biyu, ta yanka kwalin sukari ya zama ma'auni, ta yi mako uku tana fitar da murabba'ai har babban yatsanta ya yi kanta. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne bakin ɗinki: kowane gefe keke yana cin santimita 1, murabba'in 10 ya koma 8. Bargon da aka ƙaddara mita 2 ya fito santimita 160, faɗinsa 120. Sama da kashi ɗaya cikin uku na girmansa ya shige cikin ɗinki, bai ko yi sallama ba. Mai rufa da irin wannan sai ya zaɓa tsakanin kansa da ƙafafunsa. Telan da bai taɓa zama a aji ba ya san wannan tun yana yaron shago mai ɗauko garwashin guga.

Haɗa murabba'an aikin keke ne. Keken ƙafa, wanda zuriyarsa ke komawa ga injin da Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851, shi ne ya dace da garin da ba a dogara da lantarki, kuma samfurin Butterfly na ƙasar Sin ya cika gidajen amare. Na Malama na kayan aurenta ne, ya shekara biyar yana aikin tebur, an jera masa kwanonin samira a kai. Keke yana ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sai bayan ƙyalle ya yi curi kamar sheƙar tsuntsu. Maganin wannan ɗan juya wani maɓalli ne, ƙurar hunturu kuma maganinta goga da ɗigon man keke. Ba a sa masa man gyaɗa. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, yana kuma gayyato kiyashi, kuma an tabbatar da haka a Tebaram cikin watan Nuwamba, sa'ad da aka wayi gari rundunar kiyashi na hawa ta ƙafar keke tana sauka ta allura cikin tsari. Garin gyaran gira an rasa ido: sai da aka ɗora keken a mota ya je Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya dawo bayan kwana goma sha biyu da kuɗin gyaran da ya isa sayen sabon bargo har da canji.

Ciko iri uku ne. Mafi sauƙi tsohon bargon gwanjo da ya siɗe, domin ba ya motsi. Audugar gona tana da ɗumi, amma sai an gurje ta, don angurya abincin ɓera ce. Audugar rimi, wadda ake cusa wa lifidi da matashin kai, ba ta da nauyi, sai dai santsi gare ta, ba ta zama inda aka ajiye ta. Rimi ba itacen arewacin Adar ba ne, don haka Malama ta farke matasai huɗu na uwar mijinta, tana nufin ta mayar daga baya. Da bai isa ba ta ƙara da tsoffin zannuwa biyu da rigar sanyin maigida, wanda yake Abijan wurin biɗa kamar rabin mazan yankin, bai kuma da bakin hanawa. Ta farke matasan a tsakar gida ana iska. Har yamma akuyoyin maƙwabta suna yawo da farin gemu.

Ɗinkin ƙarshe da hannu ake yi. Ana shimfiɗa hawa ukun a tabarma, a fara daga tsakiya a yi waje, layi na bin layi da tazarar yatsa huɗu. Aiki ne na gayya, yana yi wa mutum ɗaya yawa, kuma ana sa hannu ɗaya a ƙasa don a ji inda allura ta fito. Wanda bai sa ba yakan ɗinke bargon da tabarma. Malama ta wuce nan: da aka kira la'asar ta yunƙura za ta tashi, sai bargo da tabarma da gefen zanenta suka tashi tare da ita.

Masu gayya ba a biyansu kuɗi, ciyar da su ake yi, kuma a nan ne gashin kek, wanda mutanen Nijar ke kira gato, ke shiga cikin sana'ar. Inda babu tanda, tukunya ce tanda. Ana zuba rairayi mai tsabta a gindinta, a ɗora a wuta har ya yi zafi, a jera gwangwanayen da aka shafa wa mai aka zuba ƙullu rabi, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi don zafi ya zo ta sama da ƙasa. Ƙwai ana gwada shi a ruwa, wanda ya taso ya lalace. Ana gane nuna da tsinke: in ya fito a bushe an gama. Gwangwanin madara ya fi kowanne. Na kifin sadin yana da kyawun siffa, amma ƙarninsa ba ya jin sabulu sau ɗaya. Hodar da ke sa kek ya tashi kuma ba kowane abu ne ke maye gurbinta ba. Malama ta nema a kantunan gari ba ta samu ba, ta yi tunanin kanwa na sa ƙosai ya yi taushi, ta jiƙa dunƙule guda ta zuba. Abin da ya fito launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa, yana ƙamshin kifi, yana ɗaci. Uwar mijinta ta gutsura, ta daɗe tana tauna, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga magani na ko abinci?" Ta ce, "Gato ne, Inna." Tsohuwa ta naɗe sauran a bakin zane ta ce za ta ajiye saboda ciwon ciki.

Ba gaton ne ya watsa gayyar ba. Mata takwas suna zaune kewaye da bargo, kowace da allurarta, sai wata ta tsaya ta ƙura wa wani murabba'i ido. Atamfar Holan ce mai ruwan goro, wadda mijinta ya aiko mata daga Abijan, wadda tela ya rantse mata cewa ko faɗin tafin hannu bai ragu ba, shi ya sa ma ɗankwalin ya fito ƙarami. Ta ƙirga murabba'i goma sha ɗaya. Ta kusa da ita ta gano shaddar sunan ɗanta. Kafin a jima kowa ta ajiye allura tana bin layi da yatsa kamar mai neman sunanta a takardar zaɓe, ana "ga tawa", "ga ta kishiyata", "ashe nan hannun rigata ya tafi". Bargon ƙyallaye a ƙaramin gari rajista ce, kuma ana karanta ta a fili. Malama ta cika alkawari, ba ta ambaci sunan kowa ba. Babu ma wanda ya tambaye ta. Washegari telan ya tafi ganin dangi, ya yi wata guda.

Sauran ɗinkin ita kaɗai ta ƙarasa, da dare, da fitilar hannu a baki. An sa allurar ƙarshe cikin Afrilu, watan da zafin Tawa ke wuce digiri 40, mutane suna kwana a waje suna yayyafa wa tabarma ruwa. Ta wanke bargon don ta adana. Shaddar shuɗiya ta raba rininta ga maƙwabta, sabbin ƙyallaye suka tsuke suka bar tsoffin, audugar rimi ta tattara ta koma kusurwa ɗaya ta dunƙule kamar tozon raƙumi. Yara biyu ne suka ɗaga shi zuwa igiya, igiyar ta tsinke.

Bargon da ya kai wannan matsayi yana da sauran amfani guda biyu: a jiƙa shi a naɗe jarkar ruwa don ta yi sanyi, ko a ninka shi biyu ya zama akumari. Inna ce ta yanke hukunci, a madadin matasanta huɗu. Yanzu kowace safiya jakin gidan yana fita rijiya cikin lifidinsa, tozon yana tare masa igiyar jarka, matan unguwa kuma in ya gitta sukan tsayar da guga su nuna wa baƙi inda atamfarsu take.