Kowa da Tagarsa

A ɗakin da ake rubuta wa ƙananan cif umarni, ba sai ka tambayi halin mutum ba. Leƙa fuskar kwamfutarsa ka ga yadda ya jera tagoginsa.

Akwai Malam Ɓata-Taga. Hannunsa ya zame ya rufe Console a STM32CubeIDE, sai ya miƙe ya yi shela cewa manhaja ta lalace, sai an sake sauke ta. Show View na nan ƙarƙashin Window, bai taɓa bi ta can ba. Na kusa da shi kuwa, tagar Problems ta cika da gargaɗi har ta tumbatsa, ya ce ai rawaya ce, in ta yi ja a taɓo shi.

'Yan printf ba su san wata taga ba sai ta siriyal. "Na zo nan." "Na zo nan 2." "NAN FA." Cif na aikawa a 115200, taga na saurare a 9600, haruffa su fito kamar rubutun aljanu, su kuma su duƙufa suna neman ma'ana. Ba zan tsananta musu ba, muna da dalilanmu.

Gwanina dai shi ne Sarkin Tagogi. Kwamfutarsa 'yar inci 14 ce, amma ya buɗe Variables, Registers, SFRs, Memory, Disassembly da Live Expressions, duk a lokaci guda, har umarnin da yake rubutawa ya koma layi huɗu a tsakiya. Ya kishingiɗa yana kallon lambobi suna sauyawa yana gyaɗa kai, wai yana gani da idonsa. Abin da bai sani ba, kallon nasa ma taɓawa ne. A STM32F4, karanta rajistar DR ta USART yana goge tutar RXNE, kuma ita tagar SFRs karantawa take yi. Saƙo ya iso, taga ta lashe alamar, shirinsa na can yana jiran abin da ya riga ya wuce. Sai ya zargi waya, ya canja ta. Ya zargi ST-LINK, ya aro wani. Ya zargi wutar janareto. Ka ce masa, "Injiniya, rufe tagar can mana," ya dube ka da tausayi ya buɗe ta bakwai.

Duk waɗannan ana zama da su lafiya. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai "ara min kwamfutarka na minti biyu". Ka dawo daga salla ka tarar ya ɗauke Project Explorer ya kai dama, ya danna Reset Perspective da abin ya rikice masa, tsarin da ka daɗe kana gyarawa ya tafi. Ya watsa wuraren tsayawa a fayilolin da ba ka ma buɗe ba, alhali shida kacal Cortex-M4 ke ɗauka. Ya ɗaga Optimization, rabin Variables ɗinka sun daina nuna komai. Ka yi magana, ya ce shi a wurinsa yana aiki, sannan ya tambaye ka ko kana da wata wayar USB ɗin, ta ɗazu ya ba wani.